Kwamfutata tana daskarewa idan mataimakin rubuta kod yana aiki: ta yaya zan gano abin da ke cinye RAM?

Bakatsine ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu wannan sana'a. Ina aikin gina manhajojin yanar gizo da TypeScript da Node.js a kan kwamfutar tafi-da-gidanka mai RAM gigabait 16, wadda ke ɗauke da Windows 11, amma kusan dukkan aikina a cikin Ubuntu, wani nau'in Linux, nake yin sa ta hanyar WSL2, tsarin da ke gudanar da Linux a cikin Windows. A 'yan watannin nan na fara amfani da mataimakin rubuta kod mai ƙirƙirarriyar basira, irin wanda ake ba wa umarni a taminal, ya karanta fayiloli, ya gyara su, sannan ya gudanar da gwaje-gwaje da kansa. Da safe aiki yana tafiya lafiya lau, amma idan zama ya yi tsawo sai kwamfutar ta fara nauyi, linzami ya riƙa tsayawa, fanka ta riƙa kuka, wani lokaci ma gwajin da mataimakin ya tayar ya mutu a tsakiya, ba tare da wani bayani ba sai kalmar Killed da lamba 137.

Idan na buɗe Task Manager nakan tarar RAM ya haura kashi 90 cikin 100, kuma wani abu mai suna VmmemWSL ne ke zaune a saman jeri, shi kaɗai ya riƙe gigabait da yawa, ba tare da ya nuna mini abin da ke cikinsa ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a iya sanina samfurin ƙirƙirarriyar basirar da mataimakin ke magana da shi yana kan sabar kamfanin da ya ƙera shi ne, intanet kawai ke haɗa mu, to mene ne yake cika mini RAM haka? Shin tsawon hirar da nake yi da shi ce ke taruwa a kwamfutata? Wace lamba ce ya kamata in riƙa kallo, kuma da wane kayan aiki? Wani abokin aikina ya ba ni shawarar in sauke ƙaramin samfuri in riƙa gudanar da shi a kan kwamfutata, don in huta da kuɗin data da kuma katsewar intanet, sai dai ina tsoron kada in ƙara wa mai nauyi kaya. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Kaduna ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka daina yanke hukunci da wancan kashi 90 ɗin, domin shi kaɗai ba ya nuna ciwo. Windows da Linux da macOS duk an gina su ne a kan ra'ayin cewa RAM da ba a amfani da shi asara ne, saboda haka idan suka ga fili sai su ajiye fayilolin da aka karanta kwanan nan a cikinsa, don kada a sake komawa faifai idan an buƙace su. Kamar ɗan kasuwa ne da ya baje kaya a kan teburin shago saboda akwai wuri, wanda idan sabon kaya ya iso zai tattara na da cikin ƙiftawar ido. Mataimakin da kake amfani da shi yana yawan bincike a cikin fayilolin aikinka, kuma foldar node_modules, inda Node.js ke ajiye kod ɗin wasu da aikinka ya dogara da shi, ita kaɗai tana iya ƙunsar dubban ƙananan fayiloli, saboda haka wannan ajiya ta wucin gadi tana kumbura da sauri fiye da yadda take yi idan kai kaɗai ne ke rubutu.

A ɓangaren Windows, ka shiga Task Manager, ka je Performance, ka zaɓi Memory, sannan ka kalli lambobi biyu. Ta farko ita ce Available, wato abin da za a iya bai wa sabon aiki nan take. Ta biyu ita ce Committed, wadda ke zuwa da lambobi biyu a jere: ta hagu jimillar abin da Windows ta yi wa manhajoji alkawari, ta dama kuma iyakar abin da za ta iya alkawartawa, wato RAM ɗinka haɗe da fayil ɗin aro da ke kan faifai. Idan ta hagu ta wuce gigabait 16 da kake da shi sosai, kuma Available ya sauko ƙasa da gigabait ɗaya, to a nan ne matsi na gaskiya yake. Domin ka tabbatar, buɗe Resource Monitor ka dubi Hard Faults/sec, wanda ke ƙirga sau nawa a daƙiƙa kwamfutar ta nemi wani abu a RAM ba ta same shi ba har sai da ta koma faifai. Tashinsa na ɗan lokaci sa'ad da ka buɗe sabuwar manhaja ba komai ba ne, amma idan ya tsaya a sama ya ƙi saukowa, shi ne daidai lokacin da linzaminka yake daskarewa, saboda SSD komai saurinsa bai kama ƙafar RAM ba.

Shi kuwa VmmemWSL ba manhaja ɗaya ba ne. WSL2 wata ƙaramar kwamfuta ce ta kwaikwayo mai ɗauke da cikakken Linux, kuma Windows ba ta ganin abin da ke cikinta sai jimilla. Idan ba ka sauya saiti ba, an yarje mata ta ɗauki har rabin RAM ɗin na'urar, wanda a wurinka gigabait 8 ke nan, tare da wurin aro a kan faifai, wanda ake rubutawa swap, mai girman kashi 25 cikin 100 na RAM ɗin. Dukkan nau'o'in Linux da ka girka a WSL2 a cikin wannan kwamfutar kwaikwayo guda suke zaune, har da Docker Desktop, manhajar da ke gudanar da ayyuka a keɓe cikin kwantena, idan kana amfani da shi a kan WSL2. Haka kuma idan ka buɗe aikinka a VS Code ta hanyar haɗin WSL, tagar da kake gani tana gefen Windows, amma sabarsa da yawancin manhajojin ƙari da sabar TypeScript duk suna gudana a cikin Ubuntu. Ka ga ke nan editanka yana cin RAM a gida biyu.

Wannan ne ya bayyana lamba 137. Idan aka kashe aiki da sigina a Linux, lambar fitarsa takan zama 128 haɗe da lambar siginar, kuma sigina ta 9 ita ce SIGKILL, wadda ba a iya ƙin ta. Idan RAM da wurin aro suka ƙare, zuciyar Linux tana da wani sashe da ke zaɓar aiki ɗaya, galibi wanda ya fi kowa ci, ya kashe shi don sauran su rayu. Abin lura shi ne iyakar da aka buga a nan ita ce ta gigabait 8 na WSL2, ba ta 16 ba, saboda haka gwajinka zai iya mutuwa alhali Windows tana da sauran fili. Ka rubuta `dmesg | grep -i "killed process"` bayan abin ya faru, za ka ga sunan aikin da aka kashe da adadin da yake riƙe da shi a lokacin. A cikin Ubuntu kuma `free -h` ne madubinka, amma ka kalli ginshiƙin available, ka ƙyale na free, domin na free kusan kullum ƙarami ne saboda dalilin da na faɗa a sama. Idan kana so ka ga matsin yana faruwa a gaban idonka, buɗe taminal na biyu ka bar `vmstat 5` yana gudana, ka riƙa duban ginshiƙan `si` da `so`, masu nuna abin da ke shiga da fita tsakanin RAM da faifai.

Iyakar WSL2 ana sauya ta a fayil mai suna `.wslconfig` da ke foldar mai amfani ta Windows, a ƙarƙashin sashen wsl2, da layi irin `memory=10GB`, sannan a rubuta `wsl --shutdown` don sabon saitin ya fara aiki. Amma kada ka taɓa shi tukuna. Wanda ya rage wannan iyaka don VmmemWSL ya ƙanƙance a Task Manager, abin da ya saya shi ne ƙarin mutuwar gwaje-gwaje, wanda ya ƙara ta kuma ya matse Windows da burauza.

Bazazzagiya ta amsa:

Injiniya ya yi bayanin lambobi yadda ya kamata, ni kuma zan taɓa tambayar wane ne mai cin. Malam Bakatsine, hirarka da mataimakin ba ita ce matsalar ba. Rubutu abu ne mai arha ƙwarai: hira mai haruffa miliyan ɗaya ba ta wuce 'yan megabait kaɗan ba, kuma lissafin da samfurin ke yi a kanta a kan injinan kamfanin yake faruwa. Idan mataimakin ya ce zance ya yi tsawo zai taƙaita shi, iyakar samfurin ce ta cika, babu ruwan RAM ɗinka. Gaskiya ne cewa ita kanta manhajar mataimakin tana iya kumbura idan zama ya daɗe, musamman idan wani umarni ya zubo mata dogon sakamako ta riƙe, amma a mafi yawan abin da na gani, masu cin RAM su ne ayyukan da yake haifarwa.

Ka yi tunanin abin da ke faruwa idan ka ce masa ya gyara matsala ya tabbatar gwaje-gwaje sun wuce. Zai kira mai harhaɗa TypeScript, wanda ke loda nau'o'in aikin gaba ɗaya. Zai kira Jest, manhajar gudanar da gwaje-gwaje, kuma Jest idan ba a gaya masa komai ba yana tayar da ma'aikata daidai da yawan ƙwayoyin firosesa a cire ɗaya, kowane ma'aikaci Node.js ne mai zaman kansa da ke loda nasa kwafin kod ɗin. A na'ura mai ƙwayoyi takwas ma'aikata bakwai ke nan a lokaci guda, kuma idan kowanne ya ɗauki megabait 600 kawai, an riga an haura gigabait 4 kafin a ƙirga wani abu dabam. Zai iya tayar da sabar gwaji don ya ga shafin, zai iya buɗe burauzar Chromium marar taga ta hanyar Playwright, manhajar sarrafa burauza, don ya ɗauki hoto. Idan ka haɗa masa sabobin MCP masu gudana a gida, wato ƙananan manhajojin da ke ƙara masa kayan aiki, kowace ɗaya aiki ce dabam, kuma idan ka buɗe zama biyu ko uku a taminal daban-daban, galibi kowane zama yana tayar da nasa. Mutum idan yana aiki da hannu yakan yi waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, yana kuma tuna abin da ya bari a buɗe. Mataimaki yana yin su cikin gaggawa, wani lokaci a tare, kuma idan umarni ya daɗe bai dawo ba yana iya wucewa ya tayar da sabo alhali na farko bai mutu ba. Wannan ne ya sa safiya take da sauƙi, yamma kuma take da nauyi.

Saboda haka jerin da aka tsara bisa girma kawai ba zai ishe ka ba, domin za ka ga layuka goma duk sunansu node. Buɗe `htop`, ka danna F5 ya koma siffar bishiya, sai ka ga wane ne ya haifi wane. Ni na fi son wannan umarnin, saboda yana nuna uwar kowane aiki da shekarunsa: `ps -eo pid,ppid,rss,etime,cmd --sort=-rss | head -20`. Ginshiƙin etime yana gaya maka tsawon lokacin da aikin ya yi a raye, kuma idan ka ga sabar gwaji ko Chromium da ya yi awanni yana gudana bayan aikin da aka tayar da shi dominsa ya ƙare tuntuni, ka kama ɓarawo ɗaya. Ka lura da abubuwa biyu wajen karanta lambobin. VIRT ko VSZ ba abin kallo ba ne, domin Node.js da Chromium sukan kama adireshi mai faɗin gaske da ba su taɓa amfani da shi ba. RSS, wato abin da aikin yake riƙe da shi a RAM a zahiri, ya fi kusa da gaskiya, amma yana ƙirga ɓangaren da ayyuka ke tarayya a kai sau da yawa, saboda haka idan ka tara RSS na ma'aikata goma za ka sami adadi sama da na ainihi. Manhajar `smem` tana nuna PSS, wanda ke raba abin tarayya tsakanin masu amfani da shi, kuma shi ne ya dace a tara.

A gefen edita, VS Code da sauran da aka gina a kansa irin su Cursor suna zaune ne a kan Electron, wato Chromium haɗe da Node.js, shi ya sa suke bayyana a matsayin ayyuka da yawa. A menu na Help akwai Open Process Explorer, wanda ke raba maka taga da mai ɗaukar manhajojin ƙari da sabobin harshe kowanne da nasa adadi.

Magani mafi arha shi ne ka rubuta wa mataimakin doka. Yawancinsu suna karanta fayil na umarni daga tushen aikin, wasu AGENTS.md, wasu CLAUDE.md, wasu wani suna. Ka rubuta a ciki cewa a gudanar da Jest da `--maxWorkers=2`, a gwada fayil ɗin da aka taɓa kawai kafin a gwada duka, kada a tayar da sabar gwaji idan akwai wadda ke gudana, kuma a kashe duk abin da aka tayar kafin a ce an gama. Amma tunda mataimaki yana iya mantuwa da abin da aka rubuta masa, iyakar ma'aikatan ka sa ta a cikin saitin Jest kansa, inda babu mai tsallake ta.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Ina girmama bayanin Injiniya da na Hajiya, amma ina ganin akwai gaskiyar da ake kewayewa. Gigabait 16 da aka raba tsakanin Windows da burauza da edita da Linux ba shi da yawa ga irin wannan aikin, kuma lokacin da ɗan'uwanmu zai ɓata yana farautar ayyuka ɗaya-ɗaya shi ma kuɗi ne. Ka duba wannan shafin Memory ɗin na Task Manager, a ƙasa akwai Slots used, wanda zai nuna maka ko akwai gurbin da babu komai a ciki. Idan akwai, ka sayi RAM irin wanda na'urarka ke ɗauka, domin DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, ka kai 32, ka ci gaba da aikinka. Idan kuwa RAM ɗin a like yake a jikin allo, kamar yadda yake a siraran kwamfutoci da yawa da kuma MacBook masu guntun Apple tun daga M1 na 2020, to babu maganar ƙari, sai dai dabarun da suka faɗa.

Injiniyan Kaduna ya sake amsawa:

Ɗan'uwana na Damagaram, ban ƙi maganarka ba, kuma idan gurbi da hali suna nan ƙarin RAM alheri ne. Inda na bambanta da kai shi ne tsari. Idan matsalar marayun ayyuka ce da ke taruwa, gigabait 32 zai jinkirta daskarewar ne daga la'asar zuwa isha'i, kuma WSL2 zai ɗauki rabinsa ya cika kamar yadda ya cika na farko. Awo na yini guda ba ya cin ko kwabo, shi ne kuma zai gaya masa ko kuɗin nan zai yi amfani.

Bari in amsa tambayar samfurin gida da ba a taɓa ba, domin a nan lissafi a bayyane yake. Girman samfuri a RAM shi ne yawan ma'aunansa, wato lambobin da ya koya a horo, sau adadin bait da kowanne ke ci. Samfuri mai ma'aunai biliyan 7 a kan bit 16 yana buƙatar kusan gigabait 14. Idan aka matse shi zuwa bit 4, kamar yadda yawancin waɗanda ake saukewa ta Ollama ko LM Studio, manhajojin gudanar da samfuri a gida, suke, yakan koma tsakanin gigabait 4 zuwa 5. Mai biliyan 32 a wannan matsi yana kusan gigabait 20, wanda ya riga ya fi ƙarfin na'urar Malam Bakatsine ko da an rufe komai.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, a samfurin gida tsawon zance yana cin RAM da gaske, akasin abin da Hajiya ta bayyana game da samfurin da ke kan saba. Samfurin yana ajiye lissafin kowane guntun kalma da ya riga ya karanta don kada ya sake yin sa. Ɗauki Llama 3.1 mai biliyan 8 da Meta ta fitar a 2024: yana da hawa 32, da kawuna 8 na wannan ajiya, kowanne mai faɗin 128, kuma ana ajiye abu biyu a kowane hawa a kan bait 2. Idan ka ninka su za ka sami kilobait 128 ga kowane guntun kalma. Zance mai guntaye dubu 8 gigabait 1 ne, mai dubu 32 gigabait 4 ne, cikakken dubu 128 da samfurin ke iya ɗauka kuma gigabait 16 ne, ban da nauyin samfurin kansa. Mataimakin kod kuwa ba ya aiki mai kyau da gajeren zance, domin umarninsa na farko da bayanin kayan aikinsa da fayilolin da ya karanta suna cinye dubbai tun kafin ka ce komai. Saboda haka samfuri mai gigabait 5 da zance mai dubu 32 sun tashi kusan gigabait 9, a kan na'urar da tun yanzu take kukan matsi.

Ga wanda yake da na'urar da za ta iya, `ollama ps` yana nuna samfurin da ke lode, girmansa, da yadda aka raba shi tsakanin firosesa da katin hoto. Idan ka ga an raba, alama ce bai shiga RAM ɗin katin gaba ɗaya ba, kuma a nan ne saurin yake faɗuwa. `nvidia-smi` yana nuna abin da katin NVIDIA ke riƙe da shi. Ollama yakan bar samfuri a lode na minti 5 bayan tambaya ta ƙarshe kafin ya sauke shi, kuma `ollama stop` tare da sunan samfurin yana sauke shi nan take. Masu Mac kuma RAM ɗinsu ɗaya ne tsakanin firosesa da sashen hoto, saboda haka su kalli zanen Memory Pressure a Activity Monitor: kore lafiya, rawaya matsi ya fara, ja kuma an koma dogaro da faifai. Shawarata gare ka, Malam Bakatsine, ita ce ka bar samfurin gida ga ƙananan ayyuka irin cike layi ko bayanin wani ɗan yanki na kod a ranar da intanet ya katse, kuma ka rufe Docker da burauza idan za ka tayar da shi.

Bakatsine ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na bi abin da kuka faɗa, kuma ga abin da na tarar. A `dmesg` aikin da ake kashewa ma'aikacin Jest ne, kamar yadda Hajiya ta yi hasashe. A bishiyar `htop` kuma na ga sabobin gwaji guda biyu na aiki ɗaya suna gudana a tashoshi daban-daban, tare da wasu ayyukan Chromium da suka yi awanni a raye. Na kashe su, na sa iyakar ma'aikata biyu a saitin Jest, kuma gwaji bai sake mutuwa ba, ko da yake yanzu yana ɗaukar lokaci fiye da da. Na'urar tana da gurbi ɗaya da babu komai, don haka maganar Ɗan Damagaram tana nan a raina.

Sauran abu ɗaya ne: akwai wani aikin node da RSS ɗinsa ke ƙaruwa a hankali duk tsawon zama, ko da babu gwajin da ke gudana. Ta yaya zan bambance yoyo na gaskiya, wato RAM da aiki ke riƙewa ba ya saki, da ƙaruwa ta al'ada, kuma shin in sa masa iyaka da `--max-old-space-size` kamar yadda na ga wasu suna yi?

Bazazzagiya ta sake amsawa:

Amin, Malam. Kallo ɗaya ba ya nuna yoyo, sai an rubuta adadin a kan lokaci. Ka samo lambar aikin, sannan a taminal na biyu ka rubuta `while true; do echo "$(date +%T) $(ps -o rss= -p 1234)" >> ram.txt; sleep 60; done`, ka sauya 1234 da lambarsa, ka bar shi har ƙarshen zama. Node.js ba ya share shara nan take, yakan bari ta taru sannan ya kwashe, saboda haka lafiyayyen aiki yana hawa yana sauka, kuma idan ya gama loda abin da yake buƙata yakan daidaita a wani mataki. Abin da za ka duba shi ne ƙasan kowace sauka. Idan wurin da yake saukowa yana ƙara tashi awa bayan awa, har a lokacin da ka tafi salla babu abin da kake yi, to wani abu ana riƙe shi ba a saki.

Kafin nan ka karanta cikakken layin umarnin aikin don ka san ko wane ne. Idan tsserver ne, wato sabar TypeScript, ƙaruwarsa yayin da ake buɗe sababbin fayiloli al'ada ce, kuma umarnin TypeScript: Restart TS Server a cikin edita yana mayar da shi ƙarami. Sau da yawa abin da ke kumbura shi shi ne fayil ɗin saitin TypeScript, tsconfig, da ya haɗa foldar dist ko wasu fayilolin da aka samar, waɗanda mataimaki ke sake rubutawa duk sa'ad da ya gina aikin. Idan mai ɗaukar manhajojin ƙari ne, umarnin Start Extension Bisect zai riƙa kashe rabinsu yana tambayarka har a kai ga mai laifin. Idan kuwa mataimakin ne da kansa, ka rufe zaman ka buɗe sabo bayan kowane babban aiki, ka tabbatar kana kan sabon siga, kuma ka haɗa fayil ɗin ram.txt a rahoton da za ka aika wa masu manhajar.

Game da `--max-old-space-size`, tsohon tulin abubuwan JavaScript kawai yake iyakancewa, ba ya ƙirga Buffer ko abin da ɗakunan karatu na C suka ɗauka, kuma ba lallai ne ya shafi 'ya'yan aikin ba sai an sa shi a NODE_OPTIONS. Idan ka sa shi a NODE_OPTIONS na taminal ɗinka kuma, duk wani node da aka tayar daga nan zai gaje shi, har da mai gina aikinka, wanda zai iya faɗuwa da saƙon JavaScript heap out of memory a kan iyakar da ba dominsa aka sa ba. Idan abin da kake so shi ne katanga ɗaya da ta kewaye mataimakin da duk abin da ya haifa, ka gudanar da shi a cikin kwantena da `docker run --memory=4g`, ka riƙa dubawa da `docker stats`. A Linux mai systemd da cgroup v2, `systemd-run --user --scope -p MemoryMax=4G` kafin sunan umarnin yana yin irin wannan aikin ba tare da kwantena ba, amma a WSL2 sai ka fara tabbatar da akwai `systemd=true` a sashen boot na `/etc/wsl.conf`. Ka turo mana lambobin awa uku ko huɗu na farko tare da cikakken layin umarnin aikin, mu duba tare.